Jirgin Soso da Ruwan da Ya Ƙi Sakinsa

Duk wanda ya taɓa sayen sabon firji ko talabijin ya san farin soson nan da ake cusawa a kusurwoyin kwali, wanda yara kan farfasa iska ta watsa shi a tsakar gida. Da wani ɗan'uwan wannan soso, wanda ya fi shi tauri da jure bugu, ake ƙera wani ɗan jirgin sama da manya masu furfura ke wasa da shi a bakin tafkuna a Amurka da Turai. Ba ya shan fetur, batir ne abincinsa. Ba shi da taya ko ɗaya. Daga ruwa yake tashi, a kan ruwa yake sauka, mai shi kuwa yana tsaye a gaɓa da rimot a hannu.

A ɗauki wanda ake kira Tidewater, mai tambarin Flyzone, ya zama misali. Daga bakin wannan fiffike zuwa bakin wancan mita ɗaya ne da 'yan kai, nauyinsa kuma, da batir da komai, bai kai kilo ɗaya ba. Cikinsa kwale-kwale ne sak. An ɗora injin da farfela can bisa fikafikai a kan wani ɗan wuya, don kada feshin ruwa ya riske su. Ƙarƙashin kowane fiffike akwai ɗan abu mai siffar takalmi, shi ke tokare ruwa in jirgin ya karkata.

Ba a fafe gora ranar tafiya, masu wannan wasa sun san haka sarai. Lokacin da suke ɓatawa a kan tebur ya ninka wanda jirgin ke yi a sama, domin batirin, mai ɗaki uku da ke ba da bolt 11.1, da wuya ya riƙe shi minti goma yana shawagi. Komai da jerinsa. Rimot ake fara kunnawa, a tabbata totur yana ƙasa, sannan a jona batirin jirgi. In an gama kuma a bi ta baya. Farfelar roba ce, amma tana yanka yatsa kamar aska. Daga nan sai mutum ya tsaya a bayan jirgin ya motsa sandunan rimot ɗaya bayan ɗaya yana kallo. In ya tura sanda dama, ɗan murfin da ke bayan fiffiken dama ya ɗaga, na hagu ya sauka. Wanda ya yi gaggawa ya tsallake wannan dubawa, alhali an jona abin a juye, zai ga jirginsa ya tashi lafiya, ya ce masa dama ya yi hagu, ya ƙara matsa masa dama ya ƙara yin hagu, kafin ya gane me ke faruwa hanci ya soke ruwa.

Sai awon nauyi, wanda ba ya bukatar sikeli. Yatsu biyu ne kawai, ɗaya ƙarƙashin kowane fiffike, wajen kashi ɗaya cikin uku na faɗinsa daga gaba. A ɗaga jirgin a kansu. In ya tsaya daidai, ko hanci ya ɗan sunkuya kaɗan, madalla. In jela ce ta rinjaya, sai a matsar da batir gaba da faɗin yatsa ɗaya a sake gwadawa. Jirgin da hancinsa ya yi nauyi yana tashi da ƙyar amma yana jin magana. Wanda jelarsa ta yi nauyi ba ya jin maganar kowa, kuma galibi tashinsa na farko shi ne na ƙarshe.

Amma abin da ya fi ban mamaki a jikinsa ba a ganinsa sai an kifa shi. Mutum zai zaci cikin abin da ake so ya yi gudu a ruwa zai zama sumul daga hanci har jela, kamar cikin tarwaɗa. Ba haka yake ba. A tsakiyar cikin, ɗan baya kaɗan da inda yatsun nan biyu suka tokare, akwai yanka. Rabin gaba ya zo a miƙe sai ya katse kwatsam, rabin baya ya fara daga ɗan sama, ya zama kamar dokin ƙofa, ko matakin bene guda ɗaya da aka manta ba a ƙarasa ba. Zurfinsa bai wuce kaurin ɗan yatsa ba. Wanda bai sani ba zai ce maƙerin ya yi kuskure, har ya yi sha'awar cike gurbin ya goge.

In ya cike shi, da wuya jirgin ya sake barin ruwa.

Ruwa ya fi iska nauyi wajen sau 800, kuma yana da halin manne wa abin da ke gudu a kansa. Gwada shi da cokali: riƙe shi sako-sako ta bakin mariƙi, ka kusantar da bayansa ga ruwan famfo da ke zuba, za ka ji ruwan ya fizge shi ya rungume. Haka yake yi wa cikin jirgi mai santsi. Iya gudunsa, iya riƙon da ake yi masa. Matakin nan shi ke karya rungumar. Ruwan da ya biyo rabin gaba, in ya iso bakin yankan, ba ya iya lanƙwasowa ya bi rabin baya, sai ya wuce ya bar gurbi, iska ta shiga gurbin. Shi ke nan, rabin jirgi ya fita daga hannun ruwa tun bai tashi ba.

Ana iya ganin haka da ido daga gaɓa. Da an ba shi wuta, jirgin kan fara ne da huɗar ruwa kamar garmar shanu, hanci sama, jela a nutse, kumfa ta ko'ina. Da yake injin yana bisa, ƙarfinsa kan so ya danna hanci ƙasa, don haka mai rimot kan ɗan ja sanda baya. Can sai jirgin ya haye bisa ruwan, ya kwanta daidai, feshin ya ragu, abin da ke taɓa ruwa bai fi tafin hannu ba, daidai bakin matakin. A nan gudu ke ƙaruwa. A bar shi ya ɗan yi tafiya a haka, da kansa zai saki ruwan, ɗigo na zuba daga cikinsa.

Wannan matsala ta girmi jiragen wasa. Henri Fabre, Bafaranshen da ya fara tashi daga kan ruwa da jirgi mai inji, ya yi hakan ne ranar 28 ga Maris 1910 a tafkin Berre kusa da Marsai, kuma kafin ranar bai taɓa tuƙa jirgin sama ba. Laƙabin jirginsa da Faransanci yana nufin agwagwa. Bayan shekara biyu, a tafkin Keuka da ke jihar New York, Glenn Curtiss ya yi ta fama da wani jirgi mai cikin kwale-kwale da ke gudu a ruwa ya ƙi tashi, har sai da aka yi masa irin wannan mataki, dabarar da masu kwale-kwalen tsere suka riga suka sani. Tun daga nan, manya da ƙanana, da yankan nan ake ƙera irin waɗannan jirage.

Tsuntsayen ruwa kuwa an halicce su da nasu maganin. Wanda ya taɓa ganin kwasakwasa ta tashi a fadamun Haɗeja da Nguru ya ga yadda take buga ruwa da ƙafa biyu, tsalle bayan tsalle, tana raba ƙirjinta da shi kaɗan-kaɗan kafin fikafikai su karɓi nauyin. Ita ma ba a tashi ɗaya take barinsa ba.

Akwai kuma wani abin da ke ɗaure wa sabon shiga kai. Yakan zaɓi safiyar da tafki ya kwanta luf kamar madubi, babu iska ko ta kaɗa ganye, ya ce yau ce ranar. Ashe ita ce ranar da ruwa ya fi rowa. Babu iskar da za ta bugi fikafikai ta gaba ta taimaka, babu ƙananan igiyoyin da za su tura iska ƙarƙashin ciki. Jirgi sai ya yi ta gudu har tsakiyar tafki yana manne, batir na ƙonewa. Tsofaffin hannu, har da matuƙa manyan jiragen gaske, abin da suke yi shi ne su zaga da jirgin da'ira ɗaya ko biyu su dama ruwan, sannan su dawo su bi ta kan igiyoyin da suka tayar da kansu. Ruwan da ya ɗan ɓaci ya fi saurin sallama.

Mai kallon wannan da wuya bai tuna da yaye ba. Nonon da ya raya yaro shekara biyu ba abokin gabansa ba ne, shi ya ɗauke shi lokacin da ba shi da ƙarfin komai, kamar yadda ruwa ke ɗauke da jirgi lokacin da fikafikansa ba su da amfani. Amma ranar da lokaci ya yi, uwa da hannunta take shafa abu mai ɗaci, ko a ɗauki yaron a kai shi ɗakin kaka ya kwana uku yana kuka. "Bar shi ya yi, 'yar nan," in ji tsohuwa, "kada ki leƙo." Uwar na can tana share hawaye da bakin zane. Ba ƙiyayya ta kawo gurbin ba. An yanka shi ne da gangan, a daidai wurinsa, don iska ta samu hanyar shiga.

A kasuwa ma haka abin yake, sai dai can ba kowa ke da kaka mai tsawatarwa ba. Akwai yaron kanti da ya shiga hannun maigida yana ɗan shekara goma sha biyar, yau ga furfura a gemunsa, har yanzu shi ke buɗe ƙofa da safe ya miƙa makulli da yamma. Babu wanda ya zalunce shi. Maigida ya yi masa aure, ya biya kuɗin suna, in ciwo ya zo shi ne asibiti. Zamansu sumul, ba a taɓa jin kansu ba. In aka taɓo maganar sallama da jari, sai maigida ya ce, "Haba, me ya rasa a nan?" Shi ma yaron ya ce, "Wallahi Alhaji bai rage ni da komai ba." Dukansu gaskiya suka faɗa. Tafkin ne ya kwanta kamar madubi, jirgin yana ta gudu, ƙarfin ƙuruciya na ƙonewa. Sau da yawa wanda ya kafa nasa kanti, in ka bi labarinsa, za ka tarar da wata 'yar igiya a farkonsa: wata magana mai nauyi da ya daure ya faɗa, ko maigidan da ya ƙi ɗaukar masa wani nauyi da gangan, aka kwana biyu ana gaisuwa sama-sama.

Kada kuma a ɗora wa ruwa laifin duka. Akwai kuskuren da ya fi manne wa ruwa saurin kashe jirgi, wato fizge shi kafin ya yi gudu. Mai rimot ya ƙosa, ya ja sanda baya da ƙarfi tun jirgi bai haye mataki sosai ba. Zai tashi kam, tsawon mutum ko biyu, hanci a sama kamar mai alfahari. Sai iskar da ke kan fikafikai ta gaza, fiffike ɗaya ya faɗi, takalminsa ya kama ruwa, jirgi ya wuntsila ya kwanta ciki sama. Kowace unguwa ta san saurayin da ya karɓi jari yau ya kama shago gobe a babban titi. Matakin bai ce a rabu da ruwa nan take ba. Wuri ne na tsaka-tsaki, inda rabin jiki ya fita rabi na jingine, kuma a nan ake tara gudun da za a tashi da shi.

Saukowa ma da nata sha'anin. In jirgin ya juyo yana fuskantar mai shi, damansa ya zama hagun mutum, sai wanda ya iya sa kansa a mazaunin jirgin ke kawo shi lafiya. A ruwa mai kama da madubi kuma ido ba ya gane inda iska ta ƙare ruwa ya fara, don haka ba a nufo shi kai tsaye. Ana rage wuta, a ɗan ɗaga hanci, a bar shi yana sauka a hankali ana jira. Abin da ke fara taɓa ruwan shi ne bakin matakin nan, wurin da ya saki ruwa a ƙarshe. Ya ja siririn layi fari, gudu ya mutu, ciki ya zauna, ruwan ya karɓe shi kamar bai taɓa tafiya ba.

Masu hankali kan tsaya a gaɓar da iska ke kaɗowa, don in batir ya mutu a tsakiya, ko jirgi ya kife, soso ba ya nutsewa, iska za ta turo shi. Ba a shiga iyo don ceton soso. Sai dai a zauna a jira, wani lokaci rabin awa, yana tahowa a karkace har ya maƙale a ciyawar bakin ruwa. Mai shi ya tsamo shi, ya buɗe murfi, ya zare batirin, ya kifa jirgin ya tsiyaye ruwan da ya shiga, wanda bai fi cokali biyu ba.