Cin Amana a Mujallun Ilimi

A shekarar 2015 wani likita a birnin Boston na Amurka, Michael Dansinger, ya aika wa mujallar Annals of Internal Medicine da maƙala kan yadda tsarin abinci ke shafar kitsen da ke cikin jini. Shekara biyar shi da abokan aikinsa suka yi a kan binciken da ta dogara da shi. Mujallar ta miƙa ta ga masana su tantance a asirce, kamar yadda aka saba, daga ƙarshe ta ƙi karɓa. Wannan ba abin kuka ba ne, kullum ana yi.

A 2016 sai ga aikin nasa ya fito a wata mujalla, EXCLI Journal, da sunayen wasu mutane daga Italiya. Jadawalin alƙaluma nasa ne, jimloli nasa ne, marasa lafiyar ma da aka gwada a Amurka an mayar da su 'yan Italiya. Da aka bi sawu, ɓarawon ɗaya ne daga cikin waɗanda aka ba maƙalar su duba.

Ɗalibin da ya kwafi sakin layi don tsoron faɗuwa ya yi laifi, amma ban ga yadda za a haɗa shi da wannan ba. Wannan ajiya aka kawo masa, don an yarda da iliminsa da mutuncinsa, ya karɓa da hannu biyu, ya zagaya ya sa mata sunansa.

Mujallu ba su zauna haka kawai ba. Tun 2008 da yawansu ke zuba kowace sabuwar maƙala cikin manhajar iThenticate, ta auna ta da miliyoyin rubuce-rubucen da aka riga aka buga. Kwamitin COPE, wanda wasu editoci suka kafa a Birtaniya a 1997, ya shimfiɗa matakai: idan satar ta bayyana kafin bugawa, edita ya tuntuɓi marubuci, ya nemi bayani, in kwafin ƙarami ne a gyara, in babba ne a watsar. Idan kuwa an riga an buga, sai a janye maƙalar, a manna mata sanarwa, a bar ta a fili kowa ya gani.

To amma manhaja kalmomi take ƙirgawa. Wanda ya saci ra'ayi ya sake masa riga zai wuce ta lafiya lau, kuma rubutun da ba a taɓa bugawa ba, irin na Dansinger, ba ta da abin da za ta gwada shi da shi. Likitan da kansa ya gano, yana bincike a intanet.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne sanarwar janyewa da wasu editoci ke shafa wa mai, su ce an sami "kamanceceniya" da wani aiki, alhali sun san sata ce. Tsoron lauya ne, ko kunyar babban farfesa. Kawaici irin wannan wanda aka zalunta yake cuta, domin mai karatu ba zai san wa ya yi gumin ba.

EXCLI ta janye maƙalar a 2016. A ƙarshen shekarar Annals ta buga buɗaɗɗiyar wasiƙar Dansinger zuwa ga wanda ya sace masa aiki, ba tare da ya ambaci sunansa ba. Mujalla dai ba ta iya korar kowa daga aiki. Iyakarta ta sanar da cibiyar da mutumin yake, kuma haka editocin Annals suka yi.