MABUƊI DA JAKA

'Yan'uwa, babu ekklisiyar da ba ta taɓa ganin ranar sauya pasto ba. Tsohon ya ɗaure kayansa, mata suna share hawaye. Sabon ya sauka daga mota da iyalinsa, kowa yana leƙensa, ana cewa bari mu ga kamun ludayinsa. A wannan wata muna so mu duba yadda wata ekklisiya ta ƙasar Amurka ta ke yi a irin wannan lokaci, gama akwai abin koyo a cikin labarinta, akwai kuma abin tsoro.

Sunanta Ekklisiyar Afiskofal, watau wadda bishop-bishop su ke shugabanta. Tushenta ɗaya ne da Anglikan da muka sani a Wusasa da sauran wurare, dukansu daga Ekklisiyar Ingila suka fito. Tun 2003 akwai saɓani mai tsanani tsakaninta da Anglikan ta Nijeriya a kan al'amuran koyarwa, har zumunta ta yanke. Amma ba wannan ce maganarmu yau ba. Maganarmu a kan riƙon gida ne.

A wurinsu kowace ekklisiya ta gari tana da majalisa ta 'yan ekklisiya waɗanda ba pastoci ba ne, jama'a ce ta ke zaɓensu a taron shekara. Suna kiranta bestiri. Biyu daga cikinsu su ne wakilai, babba da ƙarami. Bisa ga al'ada babban shi ne na hannun daman pasto, ƙaramin kuwa yana lura da gini da rufi da abin da ya lalace. Sa'ad da pasto ya tashi, ba su yin gaggawa. Sau da yawa su kan yi shekara guda ko fiye da pasto na wucin gadi. A cikin wannan lokaci su kan zauna su rubuta halin ekklisiyarsu: mu nawa ne, nawa mu ke bayarwa, ina ƙarfinmu, ina ciwonmu. Sa'an nan su nemi wanda ya dace. Majalisa ce ta ke zaɓe, amma sai an sanar da bishop ya ga mutumin ya cancanta kafin magana ta tabbata.

Sa'ad da sabon ya iso, sai a sa ranar sujada ta musamman, yadda littafin addu'arsu na 1979 ya tsara. Wakilan nan biyu su kawo shi gaban bishop. Bishop ya tambaye shi ko ya ɗauki wannan amana, ya amsa. Sa'an nan bishop ya juya wajen jama'a ya tambaye su ko za su tallafe shi, su ma su amsa da baki ɗaya. Ku lura, alkawari biyu ne a ke yi a ranar, ba ɗaya ba. Bayan wa'azi sai mutane su riƙa fitowa suna sa masa abubuwa a hannu. Wani ya kawo Littafi Mai-tsarki. Bishop ya ba shi ruwa domin baftisma. A kawo gyalen da pasto ya ke ratayawa a wuya, da littafin addu'a, da man zaitun domin shafe marasa lafiya, da littafin dokokin ekklisiya, da gurasa da ruwan inabi. A cikinsu kuma ɗaya daga cikin wakilai ya miƙa masa mabuɗan masujada, yana roƙonsa ya bar ƙofa a buɗe ga kowa. Bayan wannan duka sabon pasto ya kan durƙusa a tsakiyar jama'a ya yi addu'a, yana faɗin rashin isarsa.

To, ku sake duba kayan nan. Akwai abu ɗaya da ba a sa masa a hannu ba, shi ne jakar kuɗi. Dokarsu ta ba pasto iko a kan sujada da amfani da ginin masujada, amma dukiyar ekklisiya da lissafinta suna wuyan majalisa. Mabuɗi yana hannun pasto, jaka tana hannun jama'a. Mai mabuɗi ba shi da abin sayen ko fitila in masu jaka sun ƙi, masu jaka kuwa ba su da ikon hawa mumbari. Wannan tsari yana da kyau ƙwarai muddin kowa ya tuna shi wakili ne, ba mai gida ba. Manzo Bulus ya faɗa wa Korinthiyawa cikin wasiƙarsa ta fari, sura 4, abin da a ke nema ga wakili: a iske shi da aminci. Amma ranar da masu jaka suka manta da wannan, jaka ta kan zama igiya a wuyan pasto. Su kansu sun ɗanɗana haka, ga labarin.

A zamanin da Ingila ta ke mulkin Amurka, babu bishop ko ɗaya a ƙasar, sai Bishop na Landan can ƙetaren teku. A yankin Bajiniya kowace majalisa mutum 12 ne, galibinsu masu manyan gonakin taba. Da taba a ke biyan pasto, laba 16,000 a shekara, haraji ne kuwa a kan kowa. Doka ta ce in an tabbatar da pasto a wuri, ba mai iya korarsa da sauƙi. Sabo da haka majalisu da yawa suka ƙi tabbatarwa, suka riƙa ɗaukar pastoci shekara shekara kamar 'yan ƙodago. Ku yi tunani. Yaya mutum zai tsawata wa mai zalunci ran Lahadi, alhali kuwa wannan mai zalunci ne zai ce a bar shi ko a sallame shi a ƙarshen shekara?

A 1758 aka yi fari, taba ta yi tsada, laba ta kai wajen kwabo shida. Nan da nan aka yi doka cewa a biya pastoci da kuɗi, kwabo biyu kowace laba. Shekarun da taba ta ke da araha ba wanda ya ji tausayinsu, shekarar da ta yi daraja aka hana su ribar. Sarkin Ingila ya soke dokar. Wani pasto mai suna James Maury ya kai ƙara yana neman sauran hakkinsa. A watan Disamba 1763 wani saurayin lauya, Patrick Henry, ya tashi a gaban shari'a ya zage pastoci tas, ya mai da su maƙiyan jama'a. Masu yanke hukunci suka yarda Maury yana bin bashi, suka kuwa ce a biya shi kwabo ɗaya.

Ba mu ce pastocin nan ba su da laifi ba. Makiyayin da ya kai tumakinsa gaban alƙali a kan albashi ya riga ya yi hasarar abin da ya fi albashi. Amma abin da ya fi ba mu tsoro shi ne, mutanen nan ba su taɓa koyon bayarwa da yardar rai ba, doka ce ta ke karɓa daga hannunsu. Da Amurka ta balle daga Ingila, aka daina harajin, a 1802 kuma hukumar Bajiniya ta yi dokar sayar da gonakin da a ke ba pastoci. Masujadu da yawa suka zama kangaye. Wannan shi ne abin da Nehemiya ya tarar sa'ad da ya komo Urushalima, yadda sura 13 ta nuna: an hana Lawiyawa da mawaƙa rabonsu, kowa ya gudu gonarsa, gidan Allah ya zama yasasshe. Nehemiya kuwa bai fara da Lawiyawan da suka gudu ba, da shugabannin jama'a ya yi faɗa.

Daga baya suka bi wata hanya, suka riƙa ba da hayar kujerun masujada. Mai kuɗi ya kama gaba, matalauci ya zauna baya ko bisa bene. Abin da Yaƙub ya hana ƙiri-ƙiri cikin sura 2 ke nan. Da kaɗan da kaɗan suka bar wannan. Yanzu abin da su ke yi shi ne, wajen watan Oktoba da Nuwamba kowane gida ya rubuta a takarda abin da ya yi niyyar bayarwa cikin shekara mai zuwa. Majalisa ta tara takardun, sa'an nan ta san abin da za ta iya ƙullawa. A 1982 babban taronsu ya tsai da cewa ushiri, watau ɗaya cikin goma, shi ne mafi ƙanƙantar ma'auni na bayarwar Kirista. Magana ce mai kyau, amma tsai da magana a taro daban, buɗe aljihu daban, gama yawancinsu ba su kai nan ba. Yawansu kuma ya ragu. A shekarun 1960 sun fi miliyan 3, a 2023 kuwa wajen miliyan 1.5 ne, ƙananan ekklisiyoyi da yawa ba su iya riƙe pasto na dukan lokaci.

Duk da haka sun yi wa tsohon ciwon magani. Yau majalisa ba ta da ikon korar paston da aka tabbatar don kawai ya faɗi abin da ba ta so, sai magana ta je gaban bishop. Shi ma pasto ba a bar shi sakaka ba. Dokarsu ta ce a binciki lissafin kowace ekklisiya kowace shekara. Akwai wani ɗan rabo na baiko da a ke ajiyewa domin pasto ya taimaki matalauta a ɓoye, amma wannan ma na ekklisiya ne, ba nasa ba, yana shiga bincike. Kada wani pasto ya ce wannan raini ne. Bulus da kansa, sa'ad da a ke tara gudummawa domin tsarkaka na Urushalima, bai yarda ya riƙe ta shi kaɗai ba. Ya aiki Titus tare da wani ɗan'uwa wanda ekklisiyoyi suka zaɓa, domin kada a sami abin zargi. In Bulus ya nemi shaidu, wane ne mu? Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi.

Akwai kuma wata al'ada tasu mai wuya. Tsohon pasto in ya tashi, ya kan janye ƙafarsa. Ba ya komowa ɗaurin aure ko jana'iza sai sabon ya gayyace shi. Da fari mun ga kamar rashin zumunci ne. Amma da muka tuna abin da idonmu ya sha gani, muka gane hikimar. Mun san gidajen da suka rage baiko ranar da paston da su ke ƙauna ya tashi, suna aika masa da kyauta can inda ya koma, suna jira su ga ko sabon zai yi musu daɗi. Ba su ce kome ba a taro, hannunsu ne ya yi magana. Ashe tun da fari ba Ubangiji su ke ba ba, mutum su ke ba. Sabon kuwa baƙo ne, baƙo kuma makaho ne ko da yana da ido. Bai san wanda ya yi faɗa da wane ba, bai san gwauruwar da ba ta da hatsi ba. Yana ganin faranti ya dawo da sauƙi, zuciyarsa ta karai, ya fara tunanin gona ko ciniki kamar Lawiyawan nan. Bayan shekara biyu mu ce ba ya ziyara.

Ku dattibai da ma'aji waɗanda ku ke jiran sabon pasto bana, ku yi abin da mutanen nan su ke yi kafin su kira kowa. Ku zauna ku rubuta gaskiyar halinku. In akwai albashin da tsohon ya ke binku, ku biya shi kafin ya hau mota. Ku karanta lissafin shekara a gaban jama'a ran Lahadi, abin da ya shigo da abin da ya fita, mutum biyu su riƙa ƙirga baiko, su sa hannu. Ku faɗa wa mai zuwa abin da za ku iya ba shi kowane wata, kada ku ƙara ko kwabo don ya zo. Sa'an nan wani ya ɗauki tsani ya hau ya duba rufin gidan pasto tun damina ba ta faɗi ba.