Ɗakin Kwananmu: Wurin Hutu ne ko Sito?

Godiya ta tabbata ga Allah da ya suturta mu, ya ba mu inda za mu sa haƙarƙarinmu a garin da muka zo neman halali. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, damina ta kankama a Legas. A irin wannan lokaci ne ake rufe tagogi ruf, a kwaso kaya daga waje a cusa cikin ɗaki, a jawo janareta kusa da ƙofa don kada ruwa ya taɓa shi. Shi ya sa nasihar wannan Juma'a za ta tsaya a kan ɗakunan da muke kwana da masallacin da muke salla.

A cikin Suratun Nahli, aya ta 80, Allah ya lissafa gidajenmu a cikin ni'imominsa, ya kuma siffanta su da cewa wurin natsuwa ne. Wato inda jiki zai huta, hankali ya kwanta, mutum ya tashi da asuba da ƙarfin ibada da na nema. To kowa ya tambayi kansa tsakaninsa da Allah: ɗakin da na ajiye iyalina, haka yake?

Mun san halin da ake ciki. Kuɗin haya a Agege da Mile 12 da Idi-Araba ba wasa ba ne. Da yawanmu ɗaki ɗaya ne, a gidajen nan masu ƙofa na kallon ƙofa, ga mata ga yara. Babu wanda zai zargi mutum don ɗakinsa ƙarami ne, ai ɗakunan matan Manzon Allah (SAW) ma ƙanana ne ƙwarai. Abin da ake magana a kai shi ne abin da muke ƙara wa ƙuncin da hannunmu. Buhun albasa a bayan ƙofa, jarkar fetur a ƙarƙashin gado, kwalayen kaya sun toshe tagar da ita kaɗai ce a ɗakin. Yara na kwance a tsakanin haja kamar su ma na sayarwa ne.

Mu fara da abin da yake kisa. Hayaƙin janareta yana ɗauke da wata iskar guba da ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari balle mutum ya farga. In ta shiga huhu, jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar da muke rayuwa da ita, ninki sama da 200. Farkonta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala. Sai maigida ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, a sha magani a koma barci. Barcin ke nan. Kowa a cikinmu ya sha jin labarin gidan da aka fasa ƙofa da safe aka tarar da iyali gaba ɗaya sun rasu, babu rauni a jikin kowa, janareta kuma yana cikin lungun gidan. Gawayi ma haka yake in an shigo da shi ɗaki a rufe don jin ɗumi ko dafa shayi.

Wani zai ce ai ajali ne. Haka ne, babu mai wuce lokacinsa. Amma ya tabbata a hadisi cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, da aka ba Manzon Allah (SAW) labari sai ya nuna cewa wuta abokiyar gaba ce, ya yi umarni a riƙa kashe ta in za a kwanta. Bai tsaya a kan cewa ƙaddara ce kawai ba, ya koya wa mutane abin da za su yi. Wanda ya hana a kwana da fitila a kunne, yaya kuke gani zai ce game da injin da ke amayar da guba a bakin tagar da jariri yake barci?

Masana lafiya sun ce a ajiye janareta a fili, nesa da ƙofa da taga kamar mita 6, bakin hayaƙin yana kallon waje. Lungun tsakiyar gida ba fili ba ne. Ƙarƙashin matakala ba fili ba ne. Na san amsar: ɓarayi, da ruwan sama. To a haɗa kuɗi da maƙwabta, mai walda ya yi masa keji na ƙarfe da rufi, a sa sarƙa da kwaɗo. In ba hali, a kashe shi kafin a kwanta, a yi haƙuri da zafi. Kuma duk ranar da mutum biyu ko uku a ɗaki guda suka tashi da ciwon kai lokaci ɗaya, a buɗe ko'ina, a fitar da kowa waje, a nufi asibiti. Lambar gaggawa 112 ce.

'Yan'uwa masu harkar hatsi, ku ma da ku nake. Ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhun wake da masara don kashe ƙwari, da zarar ta ji laima sai ta fara fitar da iska mai kisa, laima kuwa ita ce abin da ya fi yawa a garin nan. Buhun da aka sa wa wannan magani ba ya kwana ɗaki ɗaya da ɗan Adam. Yaran shago da muke barin su kwana a sito, amana ce a wuyanmu, iyayensu suna can gida sun saki jiki da mu.

Sai batun iska. Mu mutanen busasshiyar ƙasa ne. Wanda ya taɓa shiga Gidan Makama a Kano, gidan tarihin nan da ake danganta asalinsa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya san yadda ake barin zafin rana a waje a shiga soro a ji sanyi ba fanka. Katangar ƙasa mai kauri da rufi mai tsayi su ke wannan aiki, don haka ƙaramar taga ta isa. Nan kuwa bulo ne da kwano da danshi. Dabarar can ba ta aiki a nan. Ɗakin Legas yana son iska ta shiga ta nan ta fita ta can. In ka rufe shi, bango zai yi gumi, funfuna ta fito a bayan katifa da cikin akwatin tufafi, yara su kama tari da asma da ba sa jin magani. A janye gado daga bango ko da tsawon tafin hannu ne. A ɗora buhu da akwati a kan katako. Ranar da rana ta fito a shanya katifa da darduma. A sa raga a taga, a ɗaura gidan sauro, a rage kunna maganin sauro mai hayaƙi a ɗaki rufe. Duk wanda tari ya wuce masa mako biyu ya je a gwada shi, tarin fuka yana son cunkoso da rashin iska, maganinsa kuma kyauta ne a asibitin gwamnati.

Akwai wani abu da muka baro a gida, shi ne zaure. A can baƙo yana tsayawa a zaure, cikin gida yana da sirrinsa. Suratun Nur, aya ta 58, ta koya wa yara neman izini a lokuta uku: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin da ake tuɓe tufafi, da bayan isha'i. Mai ɗaki ɗaya zai ce ina ƙofar da za a ƙwanƙwasa? Yadi biyar na labule mai kauri da igiya, ka raba ɗakin biyu. Shi ne zaurenka. Yaran da suka kai shekara 10 kuma a raba musu shimfiɗa, ko da tabarma ce.

To mu dawo masallacinmu, don kada mu yi ta nuna gidajen mutane da yatsa. Manzon Allah (SAW) ya taɓa salla da wani mayafi mai zane, da ya idar sai ya sa a mayar wa Abu Jahm, saboda zanen ya ɗauke masa hankali. Ya kuma sa Nana A'isha ta cire wani labule mai zane-zane saboda dalili irin wannan. Sayyidina Umar da zai gyara masallacin Madina ya gargaɗi magini kada ya sa ja da rawaya ya shagaltar da masu salla. Yanzu ku dubi bangon alƙiblarmu: kalandar wani kamfani, agogo uku da ba su yarda da juna ba, fitilu masu walƙiya ja da kore, da takardar neman taimako da ta shekara a manne. Masu kawo su da kyakkyawar niyya suka kawo, Allah ya saka musu. Amma wurinsu bayan masallaci ne. Bangon da mai salla yake fuskanta a bar shi fari fes.

Lasifikar ciki ma haka. Ɗakin da bai fi sahu goma ba, ba ya bukatar ƙarar da za ta sa dattijo ya toshe kunne. Annabi (SAW) yana i'itikafi ya ji sahabbai suna ɗaga murya da karatu, ya yaye labule ya hana su damun juna, alhali Alƙur'ani suke karantawa.

Kafet kuma, ana shigowa da ɗanyar ƙafa daga wurin alwala a taka shi, ba ya bushewa har wata sallar. Warin da goshi yake tararwa a sujada daga nan yake. Abin da ya fi ba da kunya shi ne ɓangaren mata. Taga ɗaya, ita ma an jingine mata karyayyun kujeru da tsohuwar fanka. Can iyayenmu da matanmu suke tarawihi da goyo a baya. Haba jama'a! Matar da take share masallacin Madina, da ta rasu aka binne ta ba a sanar da Annabi (SAW) ba, sai da ya nemi a nuna masa kabarinta ya je ya yi mata salla.

Gobe Asabar bayan sallar asuba, in Allah ya kai mu, za a fitar da kafet duka a shanya, a kwashe tarkacen ɓangaren mata, a buɗe tagar. Ana bukatar matasa goma masu ƙarfi, da kafinta ɗaya da zai sa raga, da mai gyaran wuta da zai mayar da janaretan masallaci bayan katanga. Wanda zai zo ya shaida wa ladan bayan salla.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya tsare mana iyalanmu na nan da na gida. Amin.