Wadatar Zuci da Kayan Zamani

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Shugaban Halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, duk wanda ya ratsa kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram zai ga samari sun yi cincirindo a rumfunan masu sayar da salula. Saurayi yakan yi watanni yana tara kuɗi, wani ma har ya taɓa hatsin rumbu tun damina ba ta kama ba, don ya sayi wadda ake yayi. Murnar kwana kaɗan ce. Da abokinsa ya fito da sabuwa, ta hannunsa ta zame masa abin kunya, zuciya ta koma ƙunci.

Wannan ciwo ya girmi salula. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa da ɗan Adam zai samu kwari guda na zinariya, da ya nemi na biyu. Suratul Ƙasas ta ba da labarin Ƙaruna, wanda makullan taskokinsa kaɗai suke nauyaya wa ƙarfafan maza, amma ƙasa ta haɗiye shi da gidansa.

Malaman tasawwufi ba su haramta kayan zamani ba. Da waya tsohuwa a Tawa take jin muryar ɗanta da ya tafi ci-rani Abijan, da ita almajiri yake sauraron tafsiri. Sayyidina Abdurrahman bin Aufu attajiri ne, kuma yana cikin goma da aka yi wa bushara da Aljanna. Sharaɗin shi ne duniya ta tsaya a hannu, kada ta shiga zuciya, domin zuciya wurin ambaton Allah ce. Aya ta 28 a Suratur Ra'adi ta bayyana cewa da zikiri zukata suke natsuwa.

Muridi yana da ma'auni mai sauƙi. Bayan sallar Asuba, me hannunsa yake fara ɗauka, carbi ko waya? Yana iya kammala wuridinsa ba tare da ya leƙa saƙo ba? In ya kasa, abin da ya saya da kuɗinsa ya mallake shi. Magani shi ne lizimtar wuridi, da zama da mutanen kirki a zawiya, da duban wanda yake ƙasa da shi a samu, kamar yadda Annabi (SAW) ya yi umarni.

Allah Ya azurta bayinSa da ƙana'a, Ya cika zukatansu da sonSa da son ManzonSa. Amin.