Ladan direban babbar mota: hanya ake biya, ba garin mutum ba

  

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, ƙasarmu Nijar ba ta da teku. Shinkafar da ke cikin tukunyarmu da maganin da ke likita, a bayan babbar mota suke iso mana. Albasar Galmi ba ta kai Kumasi da Abijan, man matatar Damagaram da aka buɗe a 2011 ba ya kai Yamai, sai wani bawan Allah ya bar iyalinsa ya kwana bisa hanya. Haƙƙin wannan bawa muke son tunatarwa a kai.

Wata Juma'a bayan salla, direbobi biyu suka kawo mana ƙara. Ubangidansu ɗaya, kayan da suke ɗauka ɗaya, hanyarsu ɗaya. Amma an ɗauki guda a Yamai, gudan kuma an ɗauko shi daga ƙauye cikin jihar Maraɗi, sai albashin na biyu ya kasa na farko nesa. Da muka tambayi mai motar, sai ya ce ai a can garinsu haka ake biya.

To mu duba da idon shari'a. Musulunci bai ce a daidaita ladan kowa da kowa ba. Wanda ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Katsina ta Ɗan Isa bai yi wahalar wanda ya ratsa Tenere daga Agadas zuwa Dirku ba. Haka nan, da aka rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin Yuli 2023, motocin da suka saba bin Kotonu, Paraku, Gaya da Doso suka koma Lome, suna ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori zuwa Tera cikin ayari da rakiyar soja, suna jiran makonni, ransu a hannu. Mai motar da ya ƙara ma ƴan kasuwa kuɗin dako saboda wannan hanya, amma ya bar direbansa kan tsohon lada, ya ci gumin wani. Bambancin da ya biyo nisa da haɗari da tsadar rayuwa adalci ne. Wanda ya biyo garin mutum, ko yarensa, ko don an ga yunwa ta matsa masa ba zai iya musu ba, wannan tauye ne. Allah kuwa Ya yi narkon azaba a farkon Suratul Muɗaffifina ga masu cika mudu in za su karɓa, su rage in za su bayar.

Malamanmu na Malikiyya sun shar'anta cewa ijara ba ta inganta sai an san aikin, an kuma san ladan. Dubi Annabi Musa (A.S) a Madyana: Suratul Ƙasas ta nuna an ambata shekara takwas, cikon goma kuma ganin damarsa ne, tun kafin ya fara kiwo. Ina wannan, ina "tafi dai, in ka dawo za mu gani"? Idan ba a yanka lada ba, hukunci shi ne a ba shi ladan irinsa, wato abin da ake ba wanda ya yi wannan aiki a wannan hanya. Bukhari ya ruwaito cewa cikin mutum uku da Allah da kanSa zai yi husuma da su ranar alƙiyama har da wanda ya ɗauki ɗan ƙodago, ya karɓi aikinsa cikakke, ya hana shi lada. Ibn Maja kuma ya ruwaito umarnin a biya ma'aikaci tun guminsa bai bushe ba.

Saboda haka, ya ku masu motoci: ku rubuta albashi da kuɗin hanya daban daban, gaban shaidu. Kwanakin jira a duwan ko bakin iyaka aiki ne, ku lissafa su. Taya in ta fashe ko inji ya lalace ba da sakaci ba, kada ku cire daga albashi, domin direba amintacce ne. Kada ku manta da yaron mota mai kwana ƙarƙashin tirela. Hukuma ta kai mafi ƙarancin albashi jikka 42 a 2024, shi ma ma'aikaci ne.

Ku kuma direbobi, ƙarancin lada ba ya halatta sayar da gazuwal a ɓoye, ko ɗora lodin da mai mota bai sani ba. Ku nemi haƙƙinku a fili, ta bakin ƙungiyarku ko dattawan tasha. Amana ba ta faɗuwa don wani ya yi zalunci.

Wancan mai motar, alhamdu lillahi, ya daidaita ladan, sai dai watannin baya har yanzu yana cewa sai Allah Ya hore. Muna tuna masa, da mu kanmu, cewa bashin da ba a biya da kuɗi a nan ba, da kyawawan ayyuka za a biya shi gobe.

Allah Ya tsare matafiyanmu, Ya mayar da su ga iyalinsu lafiya, Ya tsarkake dukiyarmu daga haƙƙin mutane. Amin.