Wa Ya Ƙirga Wanda Ya Tafi Ci-Rani Bai Dawo Ba?



Bankin Duniya, a rahotonsa na 2021, ya yi hasashen cewa kafin 2050 sauyin yanayi zai iya raba mutum miliyan 216 da gidajensu a cikin ƙasashensu, miliyan 86 daga ciki a Afirka kudu da Sahara. Tun da na ga adadin nan nake tambayar kaina: wa aka ƙirga, wa aka tsallake?

Wanda ambaliya ta kora ba shi da wuyar ƙirgawa. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, kowa ya ga mutanen Maiduguri. An san ranar, an san sansanin. To masuncin da Tafkin Chadi ya janye ya bari fa? Tafkin da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a 1963, a shekarun 1980 bai kai kashi ɗaya cikin goma na hakan ba. Bawan Allahn nan ba rana ɗaya ya tashi ba. Ci-rani ya tafi, damina ta faɗi bai koma ba, daga baya ya aika a kawo masa iyali. Ka tambaye shi, zai ce maka neman abinci ne. Fari ne ya kore shi, ko talauci, ko rikici? Shi kansa ba zai iya rarrabe maka ba.

Shi ya sa nake ganin ƙidaya amana ce, kuma ta gefe biyu ake cin ta. Wani ya kumbura adadi don tallafi ya ƙaru. Ranar da aka gano, har mai gaskiya ba za a yarda da shi ba. Wani ya rage don kada a ce ya gaza. Wanda ya goge daga takarda kuwa, ya goge shi daga layin rabon hatsi.

A Shekarar Toka, 18 bayan Hijira, da fari ya kwararo da mutanen ƙauye zuwa Madina, Sayyidina Umar (RA) ya sa an ƙirga masu cin abinci a wurinsa da iyalan da ake kai wa. Don tukunya ta isa kowa ya ƙirga su.

Don haka in kai ke riƙe da biro, rubuta abin da ka tabbatar, hasashe kuma ka kira shi hasashe. In ba kai ba ne, leƙa unguwarku: baƙon da ke tura kurar ruwa, ka taɓa tambayarsa me ya baro da shi gida?

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana.