Shamuwa da 'Yar'uwarta ta Ƙasar Holand

Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya sanya saɓawar harsunan bayinSa aya, kamar yadda Ya sanya shawagin tsuntsu a sararin samaniya aya. Idan bazara ta tsananta a ƙasar Kankiya da Kusada, rijiyoyi suka ja baya, sai wata safiya mu ɗaga kai mu ga shamuwa ta sauka bisa tsamiyar tsakiyar gari tana tara ƙirare. Daga ranar manomi yake buɗe ƙwaryar iri, ya ciro sungumi, yaro kuwa a kwaɓe shi kada ya kuskura ya jefe ta.

Abin da ke ƙara mana mamaki shi ne, a can Holand akwai 'yar'uwarta, fara mai baƙin fiffike da jan baki, wadda suke kira ooievaar, a tsofaffin rubuce-rubucensu kuwa odevare. Jama'arsu sun daɗe suna fasa kalmar gida biyu, ɗaya arziki, ɗaya ɗauka, watau mai ɗauke da arziki, har birnin Hague ya sanya surarta a tambarinsa. Amma da yawa daga masana asalin kalmomi sun karkata ga wata ma'ana da ta girme wannan, cewa asalinta mai yawo a fadama ne, inda take tsintar kwaɗi da ƙwari. Allah ne Mafi sani. Mu dai a ganinmu ma'anonin biyu ba su yi karo ba: ta masana ta faɗi inda Ubangiji Ya ajiye mata abinci, ta jama'a kuwa ta faɗi abin da zukata suka ji da ganin ta dawo bayan tsananin hunturu, irin abin da muke ji bayan tsananin rani. Larabawa kuwa kunne suka bi, suka ce mata laƙlaƙ, saboda ƙarar da take yi in tana kaɗa baki.

Kuma dubi hikimar tsarin tafiyarsu. Da kaka, sa'ad da tamu ke yin kudu ta tsallake tsakiyar duniya, a lokacin ne wasu daga cikin fararen ke ƙetare mashigin Jibraltar da Sahara, su sauka yankinmu na Sahel suna cin fara. A shekarar 1822 aka sami ɗayarsu a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta, ta yi wannan doguwar tafiya da shi. Har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock.